Digiri na Biyu Kan Al'adun Sinawa: Wace Ƙofa Ta Fi, Kuma Ina 'Yan Damfara Suke Fakewa

Mai son yin digiri na biyu ko na uku kan al'adu da zamantakewar Sinawa yakan fara da duba sunan jami'a. Ma'aunin da ya fi wannan shi ne: ranar da ka gama, za ka iya zama da dattijo a ƙauye ku yi hirar awa guda ba tafinta, ka kuma karanta takardar hukuma da idonka? Da wannan ma'auni na jera ƙofofin.

Wadda ta fi a wurina ita ce tallafin gwamnatin Sin da CSC, hukumar ba da tallafin karatu ta ƙasar, ke bayarwa, a shirin da ake koyarwa da Sinanci, ta hanyar da suke kira Type B, wato ka nemi jami'a kai tsaye. Type A ta ofishin jakadanci ko ma'aikatar ilimin ƙasarku take bi, gurabenta kaɗan ne. Tallafin yana ɗauke kuɗin makaranta, ɗakin kwana da inshorar lafiya, ga alawus na yuan 3,000 a wata ga mai digiri na biyu, 3,500 ga mai digiri na uku. Shekarunka kada su kai 35 a na biyu, ko 40 a na uku. Idan Sinancinka bai kai ba, ana iya ba ka shekara guda ta koyon harshe kafin a shiga karatun, kuma wannan shekarar ce riba mafi girma a duk tsarin. Kada ka yi mata kallon jinkiri.

Dalilin fifikon yana cikin yadda ake yin binciken. Tun lokacin da masanin zamantakewa ɗan ƙasar Sin Fei Xiaotong ya zauna a ƙauyen Kaixiangong a 1936 yana rubuta yadda manoma ke kiwon tsutsar siliki da rabon gado, ginshiƙin wannan fanni shi ne zama cikin mutane. A Sin kuwa baƙo ba ya shiga unguwa ko gidan adana takardu haka kawai. Ana tambayarsa takardar gabatarwa mai hatimin jami'a, wadda suke kira jieshaoxin, kuma malamin da ke duba aikinka ne zai sa a ba ka ita. Raba takardun tambayoyi ga jama'a ma yana da doka: baƙo ba ya gudanar da shi da kansa, sai ta hannun cibiyar ƙasar mai lasisi. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke dogara da bayanan da aka riga aka tattara, irin CGSS na Jami'ar Renmin da aka fara a 2003, da CFPS na Jami'ar Peking da ke bin iyalai tun 2010. Rumbun mujallu na CNKI ma ya taƙaita wasu sassansa ga masu shiga daga ƙetare tun Afrilun 2023, amma ɗalibin da ke cikin jami'a yana buɗe shi daga ɗakinsa.

Ga mai Hausa a baki, Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou ta cancanci a duba ta da kyau. Sashenta na nazarin ɗan Adam, wanda aka farfaɗo da shi a 1981, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar, kuma unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, inda fataken Afirka ta Yamma ke sayen kaya suna lodi, a cikin garin suke. Wanda ke jin Hausa da Sinanci zai ji abin da dillali ya faɗa wa mai shago da abin da ya juya ya faɗa wa maigidansa, abin da mai bincike daga Turai ba zai kama ba. Sai dai ka sani 'yan asalin garin Kantonanci suke yi a tsakaninsu, Sinancin aji ba zai buɗe maka kowace hira ba.

Ta biyu ita ce Kwalejin Yenching ta Jami'ar Peking, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 2015. Shekara biyu ce, da Turanci, tallafi cikakke, ana rubuta kundin bincike, ana kuma tilasta wa baƙi darasin Sinanci. Tana da kyau ga matashi ɗan ƙasa da shekara 28 mai sakamako na gani na faɗa, amma in bai matsa wa kansa ba zai fito da harshen sayen abinci kawai. Schwarzman ta Jami'ar Tsinghua shekara ɗaya ce ta horon shugabanci da haɗa abokai, ba wurin koyon bincike ba ce. Cibiyar Hopkins da ke Nanjing, tun 1986, tana sa baƙi su yi karatu da Sinanci, amma sai wanda ya riga ya iya harshen kuma aljihunsa ke da nauyi. SOAS da Oxford a Ingila suna da malamai da littattafai, kuɗin ne ba na wasa ba, filin binciken kuma yana can nesa. Hong Kong ta fi dacewa da mai digiri na uku da ke son taɓa batun da ba a sakin baki a kansa a Beijing.

Kowace ka zaɓa, ka fara da HSK, jarrabawar gwada ƙwarewa a Sinanci. A tsarin da aka daɗe ana bi, mataki na 4 kalmomi 1,200 ne, na 5 kuwa 2,500, kuma sassan tarihi da adabi sukan nemi na 5. Sakamakon shekara biyu yake aiki wajen neman gurbi. A Najeriya akwai cibiyoyin Confucius, inda ake koyar da Sinanci, a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. Sannan ka rubuta wa malamin da kake so tun kafin a buɗe shafin nema, ka nuna ka karanta aikinsa, ka faɗi tambayarka da wurin da za ka yi binciken. Batun addini, ƙabilu ko Xinjiang, in ka sa shi a gaba, da wuya malami ya sa hannu.

Yanzu ga inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Cike fom a shafin CSC kyauta ne. Wasu jami'o'i suna karɓar kuɗin duba takardu, amma cikin asusun jami'a ake biya, ba asusun wani mutum ba. Duk ejan da ya ce yana da gurbi a hannu, ka biya rabi yanzu, ƙarya yake. Wanda ya ci tallafin gwamnati fom ɗin neman biza mai lamba JW201 ake aiko masa; in aka miƙo maka JW202 aka ce na CSC ne, ba shi ba ne, kuma mai yiwuwa kai za ka biya kuɗin makaranta in ka sauka. Wasiƙar karɓa da aka turo ta WhatsApp, ka tura ta ga ofishin ɗaliban ƙetare na jami'ar ta adireshin da ke shafinsu, su tabbatar kafin ka sayi tikiti.

Akwai wata damfarar da ta fi wannan ciwo, domin sai bayan shekara ake gane ta. Ana yi wa mutum rajista a matsayin ɗalibi mai ziyara, jinxiusheng, ya zauna a aji tare da kowa, a ƙarshe a ba shi takardar halarta kawai. Mai digiri na gaske takarda biyu yake karɓa, ta kammalawa da ta digirin kanta. Ka duba matsayin da aka rubuta a wasiƙarka harafi da harafi. Haka bizar: karatun da ya wuce kwana 180 X1 yake buƙata, a mayar da ita izinin zama cikin kwana 30 da isowa. Wanda ya ce ka shiga da bizar kasuwanci a gyara daga baya, tarar kuɗi da kora yake jawo maka.

Masu sayar da takardar HSK ta bogi su ma sun yi yawa, alhali jami'a tana duba lambar a intanet. Na ƙarshe su ne masu rubuta wa ɗalibai kundi. Kafin a bar ka ka kare aikinka, ana sa shi a na'urar gano satar rubutu, jami'o'i da yawa kuma suna aika shi ga malaman waje ba tare da sunanka ba. Kundin da aka saya yakan faɗi a nan, kuma ko an riga an ba da digirin, jami'a tana da ikon janye shi.