Makirufo a gaban sifika ko akwatin lodi: wanne ya dace da mai Peavey 6505 a gidan haya?

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya. Yana da amfilifayar jita Peavey 6505 da akwati mai sifika huɗu ƙirar Celestion Vintage 30, yana zaune a gidan haya, bango ɗaya ya raba shi da maƙwabci. Yana so ya sani: ya sayi makirufo Shure SM57 ya kafa a gaban sifika, ko ya ƙara kuɗi ya sayi akwatin lodi irin Two Notes Torpedo Captor, na'urar da ake jonawa a madadin sifika, ya naɗi gurnanin jitarsa shiru?

Ɗan'uwa, a halin da kake ciki akwatin lodi ya fi maka, ko da yake SM57 bai kai rabin kuɗinsa ba. Ga yadda hanyoyin biyu suka rabu.

Ƙara ce ke yanke hukunci. Amfilifayar 6505 wat 120 gare ta, da bawul 6L6 guda huɗu, wato ƙwayayen gilashin nan da ke ɗaukar zafi a bayanta. Vintage 30 kuwa da wat ɗaya tak tana fitar da 100 dB a tazarar mita ɗaya, ƙarar da bai kamata kunne ya zauna cikinta fiye da minti 15 a rana ba. Gaskiya ne gurnanin 6505 daga sashen farko na amfilifayar yake fitowa, don haka ba sai ka buɗe ta duka ba, maɓallin da aka rubuta wa Post Gain a kan 2 ko 3 ya wadatar. Amma ko wannan ɗin ya isa ya tayar da gida. Kuma kada ka yi asarar kuɗi a kan manna soso ko kiret ɗin ƙwai a bango: tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa a 82 Hz, tsawon igiyar sautinta ya haura mita 4, ratsa bango take yi kamar babu komai. Akwatin lodi yana maye gurbin sifika ne, ya haɗiye ƙarfin ya mai da shi zafi, ya tura wa katin sauti, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ɗan sigina. A hedifon kaɗai za ka ji, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Sai aikin da kowace hanya ke nema. Da makirufo, komai ya rataya a kan inda ka kafa shi. Ɗaga akwatin sifika daga ƙasa, ka janye shi daga kusurwa, domin ɗaki ƙarami mai siminti da tayil yana tara rugugi tsakanin 100 da 250 Hz, musamman idan ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu. Katifa a jingine da bangon da ke fuskantar akwatin tana rage dawowar sauti. Haska tocila ta cikin yadin gaba ka ga inda hular tsakiyar sifika ta haɗu da faifanta, nan za ka nuna kan SM57, santimita 2 zuwa 3 daga yadi. Matsa tsakiya, sauti ya yi tsini har ya soki kunne. Matsa gefe, ya yi duhu. Santimita ɗaya-ɗaya ake matsawa, a naɗi daƙiƙa 20, a saurara, kuma a gwada sifikun huɗu duka, don ba muryarsu ɗaya ba. In ka samu wurin, yi masa alama da salatif. In ka ƙara makirufo na biyu, tazararsu daga sifika ta zo daidai: bambancin santimita 5 kawai yana sa sautukan biyu su kashe juna a wajen 3,400 Hz, daidai inda cizon jita yake, sai ka ji kamar daga cikin bututu ake kaɗawa.

Da akwatin lodi, wani ya riga ya yi maka wannan wahalar. Abin da ake kira IR ɗan fayil ne na WAV da aka ɗauko daga akwatin sifika na gaske da makirufo na gaske, ka ɗora shi a manhaja irin NadIR, wadda kyauta ce. Kana iya sauya sifika da makirufo bayan ka gama naɗi, abin da mai SM57 ba zai iya ba sai ya sake kaɗawa. Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, sauraron siginar babu IR: za ka ji kamar ƙudan zuma a gwangwani, domin sifika ce ke yanke abin da ya haura wajen 5,000 Hz. Na biyu, Captor yana da nasa kwaikwayon sifika a ciki, in ba ka kashe shi ba ka ɗora IR, sautin ya toshe kamar an lulluɓe shi da bargo. Wajen saye kuma, nemi akwatin da ke kwaikwayon halin sifika, wanda a kwalinsa aka rubuta Reactive. Turjiyar sifika ba tsayayya ba ce, tana hawa a ƙasa da kuma sama, kuma maɓallan Resonance da Presence na 6505 da wannan hawan suke aiki. Akwatin da turjiyarsa ɗaya ce ko'ina yana mai da sautin lami.

Inda makirufo ya yi galaba, a faɗa. IR ba ya ɗaukar yadda sifika ke matsuwa idan an tura ta da ƙarfi, kuma tunda babu iska mai bugun tsirkiya, dogon kukan nan da jita ke yi idan ka tunkari akwati da ita ba zai zo ba. Kuma sautin ɗakinka naka ne kai kaɗai, alhali IR ɗin da ka saya dubban mutane na amfani da shi. Sai dai a cikin waƙa, ga ganguna ga bes, kunne kaɗan ne zai bambance.

Haɗari kuwa a ɓangaren akwatin lodi ya fi yawa. Amfilifaya mai bawul ba a kunna ta babu sifika ko lodi a bayanta, taransifomar fitar sauti ce za ta ƙone, gyaranta kuwa da tsada. Jona komai kafin ka taɓa makunni. A bayan 6505 akwai zaɓin om 4, 8 da 16, wato ma'aunin turjiya, shi kuma Captor kowane ƙira da nasa om ɗin guda ɗaya, sai lambobin biyu sun zo daidai. Yi amfani da wayar sifika mai kauri, ta jita siririya ce, zafi za ta ɗauka. Captor wat 100 yake ɗauka, amfilifayarka 120, kuma shirun nan yana yaudarar mutum ya yi ta murɗawa. Bar Post Gain ƙasa da 4, bawul ma za su fi daɗewa. Kada ka toshe kafofin iskarsa, balle a watannin bazara.

Akwai kuma zancen wuta. Duba bayan amfilifayar: in ta Amurka ce, 120V take ci, wutar Najeriya da Nijar kuwa ninkinta ce ko kusa da haka, sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya wuce abin da aka rubuta. Tunda akwatin lodi yana haɗa amfilifaya da kwamfuta da waya, wani lokaci za ka ji gunjin 50 Hz, matsalar da makirufo bai cika kawowa ba. Jona su duka a soket ɗaya, ka danna maɓallin raba ƙasa, wato Ground Lift, da ke jikin akwatin lodi. Kada ka taɓa cire ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya, tsirkiyar da ke hannunka ce za ta zama hanyar wuta.

Sauran duk ɗaya ne a hanyoyin biyu. Rage maɓallin Pre Gain, mai sarrafa yawan gurnani, zuwa 4 ko 5, gurnani mai yawa yana da daɗi a ɗaki amma a naɗi tuwo yake zama. Sa Ibanez Tube Screamer, 'yar na'urar jita da ake takawa da ƙafa, tsakanin jita da amfilifaya, Drive a sifili, Level a ƙarshe, Tone a tsakiya: yana rage kaurin ƙasa kafin ya shiga, sai bugun ya yi tsaf. Sabbin tsirkiyoyi. Naɗi a bit 24, kololuwa a wajen -10 dB. Yanke ƙasa da 80 Hz da sama da 10,000 Hz. Kaɗa sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, kwafar na farko ba ta ba da faɗi, ƙara kawai take ƙarawa. In kana da akwatin DI, wanda ke raba siginar jita kafin ta shiga amfilifaya, naɗi siginar jita tsirara a layi na dabam, ka iya sake tura ta cikin amfilifaya daga baya.

Kuma kada ka sayar da akwatin sifikarka. Captor yana da mafita mai rage 20 dB, wato wat 100 ya koma wat 1. Ranar da ka samu SM57, jona akwatin sifika a wannan mafitar, ka naɗi makirufo da siginar lodi a layi biyu lokaci guda, ka matsa ɗaya a kwamfuta har igiyoyinsu su hau kan juna, sannan ka gauraya.