Sharhi kan wani ɗan littafin girke-girke da ake sayarwa a Makka

Ɗan littafin girke-girken nan da ake samu a wasu shaguna na wajen titin Shara Mansur a Makka ya zo da kyakkyawar manufa, domin ya haɗa abincinmu na gida, irin su masa da dambu da miyar kuka, da na ƙasar da muke zaune a cikinta, kamar kabsa da salik. Na yi girki da shi, kuma na gamsu cewa marubuciyar ta san tukunya. Shawarar da ta bayar ta yin masa da shinkafar Masar mai gajeriyar ƙwaya idan ba a sami shinkafar tuwo ba, shawara ce ta wadda ta daɗe a ƙasar nan. Rubutun ne ya kayar da aikin.

Daga bango zuwa bango babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, alhali wayoyin zamani suna ba da damar rubuta ƙ da ɗ da ɓ cikin sauƙi. A wajen kifi banda an rubuta "ki kara shi a wuta", mai karatu kuwa ba za ta san ko nufin a ƙara shi cikin miyar da ke kan wuta ba ne, ko a kara shi kusa da garwashi ya yi ɗumi. An kuma manne kalmomin da ƙa'ida ta raba, har "ki sa gishiri" ya koma "kisa gishiri", sannan jinsi ya rikice, shinkafa ta zama "ya dahu", nama ya zama "ta yi laushi". A jimla guda mai ɗauke da shinkafa da nama tare, wannan kuskure yana ɓoye wanda za a fara saukewa.

Abin da ya fi damuna shi ne awo. A bayanin kabsa an ce a zuba romo "daidai", ba a faɗi cewa basmatin da aka jiƙa na rabin awa yakan buƙaci kusan kofi ɗaya da rabi na romo ga kowane kofin shinkafa ba. An ambaci cokali ba tare da bambanta na shayi da na cin abinci ba, kuma wannan a wajen kanwa ko yis babban haɗari ne ga ƙullun masa. Busasshen lemun tsami, wanda Larabawa ke kira lumi, yana cikin jerin kayan haɗi, amma har ƙarshen bayanin ba a ce ga lokacin jefa shi ba.

Uwar da ta girma a Kano ko Zinder za ta cike waɗannan giɓoɓi da saninta. 'Ya'yanmu mata da aka haifa a nan, waɗanda karatunsu na makaranta da Larabci ne, Hausa kuma a bakin iyaye kawai suke jin ta, abin da ke kan takarda shi za su bi harafi da harafi, kuma su ne suka fi buƙatar littafin. Ina roƙon marubuciyar, kafin a sake buga shi, ta miƙa shi ga wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya gyara, ta kuma rubuta awon kowane abu da kofi da cokali da mintoci.