Hular kwano mai jela ko mai ramuka: wace za ka saya don gasar tirayatalon?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka yi rajistar gasar tirayatalon ta farko, mai nisan Olamfik (ninƙaya kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10), kana so ka san wace hula ta fi, mai jela da ƙwararru ke sawa ko mai ramuka ta masu tseren keke a titi, kuma wace alƙalai za su amince da ita.

Kafin ka kalli siffarta, kifa hular ka leƙa cikinta. Abin da alƙali zai nema ke nan, tambarin gwaji. A Amurka sitikar CPSC ce (hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi), wadda doka ta wajabta tun 1999 ga duk hular keke da ake sayarwa a can. A Turai alamar CE ce tare da lamba EN 1078, a Ostareliya da Niyu Zilan kuma AS/NZS 2063. Gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne: na CPSC ana sako hular daga tsayin mita 2 a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, na Turai daga kusan mita 1.5. Saboda haka hular da ke da CE kaɗai tana iya jawo maka matsala a gasar Amurka. Karanta ƙa'idar gasar da ka shiga, kada ka dogara da maganar mai shago. A nan hulunan biyu kunnen doki suke, domin mai jela da mai ramuka duk gwaji ɗaya suke ci kafin su sami tambari, kuma tsada ba ta ƙara wa tambarin daraja.

Bambancinsu yana kan iska da zafi. Mai jela an yi ta ne don ta ratsa iska, kuma tana yi. A 1989, ranar ƙarshe ta Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, Greg LeMond ya hau keke da irin wannan hula da dogayen maƙaman da ya aro daga 'yan tirayatalon, abokin hamayyarsa Laurent Fignon, wanda ke kan gaba, kuwa ya fito kai ba hula. LeMond na baya da daƙiƙa 50, amma ya lashe gasar da daƙiƙa 8. Sai dai amfanin jelar yana da sharaɗi: dole ta kwanta a tsakanin kafaɗunka, ido na gaba. Da zarar ka sunkuyar da kai ka duba agogo ko ka laluba gorar ruwa, jelar ta miƙe sama tana tare iskar da aka saye ta don ta raba. Sabon ɗan tsere kuwa yawan sunkuyawa yake, wuya na gajiya, kai na lilo.

Ga kuma zafi, wanda ni ya fi damuna. Mai jela ramukanta kaɗan ne, galibi tana rufe kunnuwa, wata ma da gilashi a gaba. Ka fito daga ruwa kana haki, ka kulle kanka a ciki fiye da awa guda, sannan gudun kilomita 10 na jiranka. Daƙiƙun da ka tara a kan keke kana iya zubar da su a gudu idan jiki ya ɗau zafi. Mai ramuka ba ta da nauyi, iska na bi ta kai, tana da saurin sawa a wurin sauya kaya, kuma da ita za ka riƙa fita atisaye kullum. Ita nake ba ka shawara. In kuɗi ya isa, akwai ta tsakiya, mai gajeriyar ƙeya da 'yan ramuka.

Kowace ka ɗauka, ta zauna daidai, kamar yatsu biyu sama da gira, igiyar ta yi siffar V a ƙarƙashin kunne, yatsa ɗaya ko biyu kawai su shiga ƙarƙashin haɓa. Masu alamar MIPS suna da wani siririn rufi a ciki da ke ɗan zamewa idan ka faɗi a karkace, don rage murɗawar kai. Jami'ar Virginia Tech ta Amurka tana gwada huluna tana ba su taurari har biyar, ka duba can kafin ka biya.

Don Allah ka guji ta gwanjo da masu araha fiye da kima a intanet, domin akwai jabu. Cikin hular farin soso ne irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali. Sau ɗaya yake murƙushewa ya sha bugu, kuma tsagar ba lallai ta fito a ido ba. Kada ka huda ta, kada ka yanke igiya, gyararriyar hula ba ta halatta ba. Ranar gasa kuma ka ɗaure igiyar kafin ka ciro keke daga maratayi, kada ka kwance sai ka mayar da shi, in ba haka ba hukunci zai hau kanka.