Buhu ko fangali: ina za a shuka kayan miya a gida?

Maƙwabta a Tudun Wada sun dame ni da tambayar nan. Buhu dai kusan kyauta ne: tsohon buhun shinkafa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da busasshen kashin awaki. Sai dai a zafin Maris da Afrilu yana saurin bushewa, sai an shayar safe da yamma, ko da ruwan wankin shinkafa ne. Rana kuma tana cinye buhun. Fangali kuwa, wato ɗan wurin shuka da ake gyarawa a ƙasa irin na lambu, yana riƙe danshi, kuɓewa da yakuwa sun fi sakewa a cikinsa, amma kaji ba sa raga masa. Ɗan haya mai tsakar gidan siminti, buhu ya fi masa. Mai fili a bayan gida kuwa, ya ja fangali, ya kewaye da kara.