Gyeongbokgung ko Changdeokgung: Amsa ga Mai Yini Ɗaya a Seul

Assalamu alaikum, Malam. Tun da yini ɗaya tak taron naku zai bar maka a birnin Seul na Koriya ta Kudu, kuma zaɓinka yana tsakanin fadar Gyeongbokgung da ta Changdeokgung, shawarata ita ce ka tafi Changdeokgung, ka haɗa da tikitin lambun da ke bayanta, wanda suke kira Huwon, kuma ka sayi tikitin da hannunka, kada ka bi ta hannun dillali. Na shiga duka biyun a makonni ukun da na yi a can wajen wani kwas. Ɗayar na fito ina jin takaicin kuɗin da na kashe, ɗayar kuwa har yau ina ba iyalina labarinta. Sunayen wuraren na rubuta su kamar yadda za ka gan su a allunan hanya, domin kada ka sha wahalar nema.

Dalilina yana cikin tarihin gidajen biyu. Gyeongbokgung ita ce ta fari, Sarki Taejo wanda ya kafa daular Joseon a 1392 ne ya gina ta a 1395, sannan ɗansa Taejong ya gina Changdeokgung a 1405 a gabas da ita. Duka biyun sun ƙone a 1592 lokacin da rundunar Japan ta mamaye ƙasar. Da ƙura ta lafa, Changdeokgung aka fara tayarwa, aka kammala wajen 1610, kuma a cikinta sarakuna suka zauna suna mulki na kusan shekara 270, yayin da babbar fadar take kango ciyawa tana cin ta, har sai 1865 da mahaifin Sarki Gojong ya sa aka fara sake gina ta. Saboda haka wadda ake kira ta biyu ita ce gidan da aka fi daɗewa ana zaune a ciki, kuma ita kaɗai ce daga cikin fadoji biyar na Seul da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya, a 1997.

Ranar wata Lahadi a farkon Nuwamba na je, ni kaɗai, na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Anguk da ke layi na 3, na taka 'yan mintoci na isa ƙofar Donhwamun. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne hanyar ba ta miƙe ba. Kana shiga sai ka karkata dama, ka haye wata gadar dutse mai suna Geumcheongyo, wadda aka gina a 1411 kuma babu gadar da ta girme ta a fadojin birnin, sannan ka sake karkata kafin ka ga zauren fada. Magina sun bi kwanciyar tudun ne, ba su sassaƙe shi don ya dace da zanensu ba, shi ya sa kowane lungu ka shiga sai ka tarar da abin da ba ka hango daga baya ba. Na tsaya a kan gadar na daɗe, na leƙa ƙasa na ga dabbobin da aka sassaƙa a gindinta, domin dutsen da nake takawa ya riga hawan Muhammadu Rumfa gadon Kano da fiye da shekara hamsin.

A farfajiyar zauren Injeongjeon akwai ƙananan duwatsu jere biyu, kowanne da rubutun muƙami a jikinsa, inda fadawa suke tsayawa gwargwadon matsayinsu, ma'aikatan mulki a gabas, mayaƙa a yamma. Ginin da ke tsaye yanzu na 1804 ne. Idan ka leƙa ciki za ka ga karagar sarki, a bayanta akwai zanen rana da wata da duwatsu biyar, sai kuma abin da ban yi tsammani ba, wato fitilun lantarki da labule da tagogin gilashi da aka saka a 1908, ana saura shekara biyu Japan ta haɗiye ƙasar. Wannan cuɗanyar tsoho da sabo ce ta nuna mini cewa mutane sun rayu a nan har ƙarshe. Sarki Sunjong, na ƙarshe a gidan, a turakar Daejojeon ya rasu a 1926. Can gefe kuma akwai sashen Nakseonjae da aka gina a 1847, wanda ba a shafa masa fenti ko kaɗan ba, itace ne zalla da farar takarda a tagogi. A nan ragowar iyalan sarauta suka ƙare kwanansu, ciki har da Gimbiya Deokhye, 'yar Sarki Gojong, wadda aka kai Japan tana yarinya, ta dawo a 1962 ba ta da lafiya, ta rasu a wannan sashe a watan Afrilun 1989. Na zauna a bakin dakalin ƙofar ina tunanin cewa a zamaninmu ne aka yi wannan, kuma zuciyata ta karaya ƙwarai.

Amma lambun Huwon shi ne abin da nake so ka gani da idonka. Ya fi rabin faɗin fadar gaba ɗaya, kuma a zuwana ba a barin mutum ya shiga gaba gaɗi, sai a lokacin da aka rubuta a tikitinsa, tare da adadin mutane ƙayyadadde. Jagorarmu wata dattijuwa ce mai magana da Turanci a hankali, ta hau da mu wata hanya tsakanin katangu biyu, muna gangarowa sai ga tafkin Buyongji a gabanmu, ganye ja da rawaya sun rufe rabin ruwan. Tafkin mai kusurwa huɗu ne, da ɗan tsibiri zagayayye a tsakiya, ta ce a tunanin mutanen da haka suke kwatanta ƙasa da sama. A kan tudun da ke fuskantarsa akwai bene mai suna Juhamnu da Sarki Jeongjo ya gina a 1776, shekarar da ya hau mulki, ƙasan ɗakin ajiyar littattafai, saman kuma wurin karatu, inda ya tara matasan malamai. Ƙofar hawa wurin sunanta Eosumun, wato ƙofar kifi da ruwa, domin sarki da mashawartansa ba sa rabuwa kamar yadda kifi ba ya rabuwa da ruwa. Babbar ƙofar ta tsakiya ta sarki ce, a gefenta kuma akwai ƙanana biyu gajeru, waɗanda dole mai shiga ya sunkuya.

A nan ne aka fara yayyafi. Ban zo da laima ba, sai wani tsoho ɗan ƙasar da ke cikin ayarinmu tare da matarsa ya matso ya rufe ni da tasa, ba mu da harshen da ya haɗa mu, haka muka jera har ƙofar Bullomun, wadda aka sassaƙa daga dutse guda ɗaya, ake cewa wanda ya ratsa ta ba ya tsufa. Ya nuna mini ita, ya nuna furfurarsa, ya ja hannuna muka wuce tare. Duk abin da na biya a ranar won 3,000 ne, wato kuɗin ƙasar, na shiga fada da won 5,000 na lambu, kuma na yi fiye da awa huɗu a ciki.

Gyeongbokgung kuwa ba zan hana ta haƙƙinta ba. Ta fi girma, ta fi kwarjini a hoto, dutsen Bugaksan yana bayanta, kuma zauren Geunjeongjeon da rumfar Gyeonghoeru mai ginshiƙan dutse 48 a tsakiyar tafki sun tsira tun ginin 1867. A harabarta ne Sarki Sejong ya ƙirƙiro haruffan Hangul da ake rubuta harshen Koriya da su a 1443, kuma a cikinta aka kashe Sarauniya Myeongseong a 1895. Sai dai mafi yawan abin da za ka taka sabon gini ne, saboda mahukuntan Japan sun rushe galibin ɗakunan, suka kafa hedikwatar mulkinsu a gaban zauren a 1926, ba a kawar da ita ba sai 1995 zuwa 1996, ƙofar Gwanghwamun ta yanzu ma a 2010 aka buɗe ta. Har turakar sarki da ta sarauniya na asali ba sa wurin, domin bayan gobarar da ta ci wani sashen Changdeokgung a 1917, warware su aka yi aka kwashi katakon zuwa can. Wato wani ɓangare na tsohuwar Gyeongbokgung a Changdeokgung za ka same shi. Ga cunkoso, ga fili fetal babu inuwa. Canjin dogarai da ake yi a bakin ƙofa da ƙarfe 10 na safe da 2 na rana yana da kyau, amma kwaikwayo ne da aka shirya wa baƙi, kuma kyauta ake kallonsa ba tare da tikiti ba.

Akwai gargaɗin da ba ka nema ba, amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Ni ta hannun wani mai shirya yawon rabin yini na shiga Gyeongbokgung, na ga takardarsa a masaukinmu, na biya kuɗin da ya ninka na tikiti fiye da sau goma. Abin da aka ba mu a cikin fadar bai kai awa ɗaya ba, ana kora mu daga wannan ƙofa zuwa waccan, daga nan mota ta kwashe mu zuwa wani kantin sayar da saiwar jinsen, aka shigar da mu ɗaki aka rufo ƙofa, aka hana ɗaukar hoto, aka yi ta yi mana bayanin cututtukan da take warkarwa har wasu daga cikinmu suka saya don kunya. Duk takardar da ka ga an rubuta cibiyar jinsen ko kantin duwatsun ado a cikin jadawalinta, ka ajiye ta, domin daga kamashon kantin suke cin ribarsu. Haka nan masu bayar da hayar tufafin gargajiya na hanbok a kewayen fadojin: gaskiya ne wanda ya sa su cikakku yana shiga fada kyauta, amma wannan rangwamen bai shafi lambun Huwon ba, kuɗin hayar kuma ya fi na tikitin yawa, wasunsu ma sai ka gama sakawa su lissafo maka na hula da na ƙarin lokaci. Ka tambayi jimillar kuɗin kafin ka cire rigarka. Idan kuma wasu matasa biyu suka tare ka a hanya da fara'a suna gayyatarka wani bikin gargajiya a gidansu, ka ba su haƙuri ka wuce, domin ƙarshen zaman roƙon kuɗi ne da sunan sadaka ga kakanni, kuma akwai rusunawa a ciki da ba ta dace da Musulmi ba.

Ka duba ranar da hutun naka ya faɗa tun yanzu, saboda ana rufe Changdeokgung ranar Litinin, Gyeongbokgung kuma ranar Talata. Idan Litinin ce, to babu zaɓi, ka tafi Gyeongbokgung da kanka da sassafe, ka ƙara da gidan tarihin kayan sarauta da ke harabarta, wanda ake shiga kyauta. In ba haka ba, ka kama gurbin Huwon ta shafin intanet na fadar da zarar an buɗe, 'yan kwanaki kafin ranar, domin a lokacin faɗuwar ganye gurabe ba sa daɗewa, sauran da ake sayarwa a bakin ƙofa kuma sai wanda ya yi sammako. Ka zaɓi zagayen safe na Turanci, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa saboda akwai hawa da gangara, ka ci abinci kafin ka shiga. Idan ka fito da sauran ƙarfi, unguwar Bukchon mai tsofaffin gidaje tana nan dab da yammacin fadar, ka ratsa ta a hankali ba tare da ɗaga murya ba tun da mutane ne ke zaune a gidajen, sannan ka koma tashar Anguk, ka canza zuwa layi na 6 a Yaksu ka sauka a Itaewon. Babban masallacin Seul da aka buɗe a 1976 yana kan tudun unguwar, kuma a titin da ke hawa zuwa gare shi za ka sami gidajen abincin halal da za ka ci hankalinka kwance bayan ka sallaci Azahar da La'asar.