Zaɓen horon intanet ga sabon mai binciken kimiyya

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan taro, gayyatar tarurrukan horaswa ta intanet ta yi yawa har ta kai ga ɗalibin digiri na uku ko sabon malamin jami'a ba zai iya halartar ko da rabinsu ba. Tunda lokaci da kuɗin data duk ƙayyadaddu ne, abin da ya kamata a fara tambaya kafin yin rajista shi ne ko akwai wanda zai duba aikin mahalarci ya gyara masa, domin a nan ne tarurrukan suka fi bambanta.

Mafi sauƙi shi ne laccar awa ɗaya ta Zoom, irin wadda mujallar Science da dandalin Researcher Academy na kamfanin Elsevier suke gabatarwa kyauta. Tana da amfani wajen sanin yadda editoci ke tace maƙala ko yadda ake neman tallafin bincike, amma sauraro ne kawai. Ga kuma matsalar lokaci: laccar da aka sa ƙarfe biyu na rana a New York tana faɗowa ƙarfe bakwai ko takwas na dare a Kano, wato wajen lokacin sallar magariba ko isha'i, wataƙila kuma an ɗauke wuta. Idan masu shiryawa suna ajiye faifan bidiyon, gara a yi rajista a kalle shi daga baya, tunda bidiyon kai tsaye na awa ɗaya na iya cinye kusan gigabait guda.

Kwas mai ɗaukar makonni ya fi wannan nauyi, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai rubuta maƙalarsa ta farko. Shirin AuthorAID (wanda yanzu ake kira Rising Scholars) na ƙungiyar INASP da ke Oxford a Ingila ya yi suna wajen koyar da rubutun bincike kyauta, an kuma tsara darussansa galibi a rubuce saboda masu raunin intanet, ta yadda mutum zai iya karantawa a wayarsa yana jiran a fara jarrabawa a aji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mahalarta suna duba rubutun juna. Wanda aka taɓa mayar masa da taƙaitaccen bayanin bincikensa ɗauke da tambayar "ina sakamakon?" ba ya sake maimaita wannan kuskure. Kwasa-kwasan dandalin karatu ta intanet na Coursera da edX ma suna da inganci, sai dai takardar shaidarsu ta kuɗi ce, kuma kwamitin ƙarin girma a jami'a ya fi kallon maƙalun da aka wallafa fiye da tarin irin waɗannan takardu.

Sai horo mai tsanani na koyon sana'a da hannu. Taron bita na ƙungiyar The Carpentries yakan ɗauki kwana biyu ana koyar da Python ko R (harsunan rubuta manhajar kwamfuta) da Git (manhajar adana tarihin gyare-gyaren aiki), malami na rubutawa mahalarta na bin sa a kwamfutocinsu. Neuromatch Academy, wadda ta fara a 2020, tana ɗaukar mako uku cur kan nazarin ƙwaƙwalwa da lissafin kwamfuta, cikin ƙananan rukunoni masu mataimakin malami, kuma kuɗin shiga yana sauka gwargwadon ƙasar da mutum yake. Irin wannan ba ya yiwuwa da waya kaɗai. Sai da kwamfuta, da tabbatacciyar wuta, da izinin shugaban sashe a ajiye koyarwa na ɗan lokaci.

Wanda za a guje wa shi ne taron da gayyatarsa ta zo ta imel cike da yabo, ya haɗa fannoni barkatai daga noma zuwa ilimin taurari, ya amince da kowace maƙala cikin kwana biyu, sannan ya nemi a biya da dala. Kafin a tura ko kwabo, a binciki ƙungiyar da ta shirya shi, a kuma tambayi wani babban malami a fannin ko ya taɓa jin sunan taron.