Makullin barci ko makullin tsaye: wanne zai gyara direban faifai?

Assalamu alaikum. Injiniyanmu na Jidda ya ce direban katin ajiya (manhajar da ke sarrafa katin) da yake rubutawa a Linux yana tafiya lafiya lau, amma da an ɗora masa nauyi sai saƙon "list_del corruption" (alamar jerin buƙatu ya lalace) ya fito, na'ura ta tsaya cak. Tambayarsa: cikin makullan da ke hana biyu taɓa jerin lokaci guda, mutex_lock zai sa ko spin_lock?

Injiniya, fara da ƙirga masu taɓa jerin buƙatun. A direban blk-mq, tsarin jera buƙatun faifai da ya shigo Linux 3.13 a 2014, yawanci uku ne: queue_rq mai saka buƙata, mai amsa IRQ (siginar da kati ke katse CPU da ita) da ke cire ta idan kati ya gama, da mai lura da wa'adi idan amsa ta yi jinkiri. Biyu suna iya riƙe jerin lokaci guda a kan CPU daban-daban. Nan rige-rigen yake.

Makullin barci, wato mutex_lock, wanda ya tarar da shi a kulle sai ya kwanta, a ba wani aikin CPU har a tashe shi. Yana da kyau ga aiki mai ɗaukar lokaci. Sai dai mai amsa IRQ ba shi da ikon barci ko kaɗan, haka ma queue_rq in ba ka sa BLK_MQ_F_BLOCKING ba. Ka ga biyu cikin ukun sun fita ke nan.

Makullin tsaye kuwa, wato spin_lock, mai jira yana nan tsaye yana cin CPU har a buɗe, shi ya sa yake halatta a cikin IRQ. Sharaɗinsa ka riƙe shi ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma kada ka kira abin da zai yi barci: ban da msleep, ban da kmalloc da GFP_KERNEL. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne spin_lock tsura a cikin queue_rq. Kana riƙe da makulli sai IRQ ya faɗo a kan CPU ɗin nan, ya nemi makullin, ya tsaya jiranka, kai kuma ba za ka motsa ba sai ya gama. Don haka spin_lock_irqsave da spin_unlock_irqrestore za ka sa. Ga wannan jeri, shi ne zaɓina ba tantama.

Amma makulli kaɗai ba ya raba gardamar wa'adi da kammalawa, kuma ita na fi ji maka tsoro, don tana iya ɓata bayanan mutane shiru. Kafa doka ɗaya: wanda ya cire buƙata daga jeri yana riƙe da makulli, shi ke da ita. Cire da list_del_init, ɗayan ya duba list_empty. Idan mai wa'adi ya tarar an riga shi, ya mayar da BLK_EH_DONE ya janye. A cikin IRQ ka kwashe waɗanda suka gama zuwa jerin wucin gadi, ka saki makulli, sannan ka kira blk_mq_complete_request. Idan mai wa'adi ne ya ci, kada a kammala buƙatar sai an tsayar da katin, don yana iya ci gaba da rubutu ta DMA, wato kai tsaye ba ta hannun CPU ba, cikin wurin ƙwaƙwalwar da aka riga aka ba wani.

A wajen sake tayar da katin ne makullin barci ke da gurbi. Miƙa aikin ga zaren aiki (thread) da ke iya barci, ɗauki mutex, kira blk_mq_quiesce_queue, tsayar da kati, sannan synchronize_irq. Wannan na ƙarshe yana iya barci, kada ka kira shi da makullin tsaye a hannu. In za ka riƙe duka biyun, na barci ne farko.

Wajen gwaji kada ka dogara da printk mai buga saƙonni, jinkirinsa kan ɓoye matsalar. Kunna CONFIG_PROVE_LOCKING da CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, ka haɗa da KCSAN, mai gano rige-rige, da ya shigo Linux 5.8 a 2020. Sa fio, manhajar gwajin faifai, da numjobs daidai yawan CPU, iodepth=32 da verify=crc32c, a kan faifan da babu kayan kowa. Rage wa'adin sosai don a tilasta karon, ka bar shi yana gudu daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Lahadi, sai ka turo mana abin da dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, ya nuna.